Allon Takwara da Man Kaɗen Inna

A gidanmu ba a tafiya da busasshiyar ƙafa. Tun ina ƙarama a ƙauyenmu, duk wanda zai yi tafiyar kwana, babbar macen gidan za ta zaunar da shi a tabarma, ta ɗora ƙafafunsa a cinyarta, ta shafe masa tafin ƙafa da man kaɗe tana motsa leɓe. Ba ta buɗe baki ta ce na yarda. Shafawar ita ce yardar. Wanda ba a shafa wa ba ya san ba a sallame shi ba, ko da ya riga ya ɗaure kaya. Ban san wanda ya fara wannan abu ba, ban kuma taɓa ganin sa a gidan kowa ba sai namu. Da aikin karanta labarai a rediyo ya kawo ni Landan, na taho da al'adar, da man kaɗena a cikin gwangwanin madara, tare da kuka da daddawa.

'Yata guda ce. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ba na iya kiran sunan. Ni Uwata nake ce mata, ita kuma Inna, wato mahaifiyar tawa, Takwara take ce mata. A unguwar Woolwich ta Landan aka haife ta, a nan ta girma, a wani gidan sama da tagarsa ke kallon kogi. Hausa tana ji sarai, har habaici ba ya wuce ta, amma amsa sai da Turanci. Tuwo sai an yi da gaske take ci. Zani kuwa in ta ɗaura, kafin ta kai ƙofa ya kwance. Na daɗe da haƙura. Abu ɗaya ne daga gida ta riƙe hannu bibbiyu, shi ne shafar ƙafa. Ko bakin teku makaranta za ta kai su su kwana, sai ta zo da sassafe ta zauna a kan kafet, ta miƙo min ƙafafu. Na sha tsokanar ta cewa Baturiyar ƙarya ce, tunda man kaɗe ke riƙe da ita.

Makarantar ce ma ta jawo mana maganar ƙanƙara. Akwai wani ƙaton gini a arewa da Landan, daga waje sai ka ce sito. A cikinsa an yi gangare, an lulluɓe shi da dusar ƙanƙara, rani da damina ba ta narkewa. Can aka kai su wata rana tana 'yar shekara goma sha wani abu, aka ɗaura musu alluna a ƙafa aka ce su gangaro. Ta dawo gida da kumburarren wuyan hannu da idanu masu ƙyalli, ta kasa cin abinci don zumuɗi. Na ce a raina mako biyu za a yi a manta, kamar yadda aka manta da kiɗan garayar Turawa da ninkaya. Shekaru suka wuce ba a manta ba.

Da ta gama sakandare ta kama aikin ƙarshen mako a wani shago, ta sayi allon kanta. Ranar da aka kawo shi, ta shimfiɗa shi a tsakar falo ta ce in zo in gani, ni kuwa ina sauri zan fita aiki. Tsawonsa ya kai mata haɓa. Samansa launin shuɗin almuru ne da wasu ɗigo-ɗigo farare, ƙasansa baƙi wuluk, gefensa duka an zagaye shi da siririn ƙarfe mai kaifi. Ta ce na mata ne, shi ya sa bai kai na maza faɗi ba, kuma ya fi su laushi, don mace marar nauyi ta iya lanƙwasa shi yadda take so. Ta nuna min tsakiyarsa da ta ɗan tashi daga ƙasa, ta taka, ya kwanta, ta ɗaga ƙafa, ya koma yadda yake. Ba shi da kai ba shi da wutsiya, duk inda aka juya shi nan ne gaba. Ta ce an yi shi ne don ko'ina a jikin dutse: hanyar da aka share, da sabuwar ƙanƙarar da ba wanda ya taka, da wuraren tsalle. Na tuna mata cewa ita dai ba ta taɓa ganin dutsen da ya fi tudun kasuwa ba. Ta yi dariya, amma na ga maganar ta taɓa ta.

A kakar da ta biyo baya Inna ta zo, don a yi mata aikin ido. Ta iso da akwati ɗaya da ƙullin yaji da gwangwaninta na man kaɗe, wanda ƙanwarta ke kaɗa mata da hannu. Inna tana fama da faso tun tana budurwa, in sanyi ya shigo diddigenta tsagewa yake har jini. Duk mayukan kanti da na taɓa aika mata ta ce ruwa ne aka sa wa turare. Wannan gwangwanin shi ne guzurinta na watannin sanyin da za ta yi da mu, kuma da kan ɗan yatsa take lakutar sa.

A daidai lokacin ne aka karɓi Uwata a wata makarantar koyon horar da masu hawan allo, can cikin duwatsun Kanada, lokacin sanyi guda cur. Babanta ya ce shi bai ga laifi ba, ya yanki tikiti, ya janye jikinsa, don ya san ba a hannunsa maganar take ba. Ni tsoro nake ji, kuma ina so ta tafi, duka biyun a lokaci guda. Amma in Inna tana gida, ita ce babbar mace, ni ko murfin gwangwanin ba zan taɓa ba. Da aka gaya mata, ta sa aka kawo allon gabanta, ta ƙare masa kallo da idon da ba a yi wa aiki ba tukuna. Ta tambaya ko da gaske mutum da hankalinsa yake ɗaure ƙafafunsa biyu a jikin ƙyaure ya faɗa gangare. Aka ce da gaske ne. Ta tashi ta ɗauke gwangwaninta daga kan taga ta sa a ƙasan akwati.

Yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta buga ƙofa ba. Ta same ni a kicin ta ce min, da Turancinta, in ranar tafiya ta zo ba a shafa mata ba, za ta kwance kayanta ta zauna. Raina ya ɓaci. Na ce mata ita da ko gaisuwar safe ba ta iya mayarwa da Hausa, yau ita ce mai riƙon al'ada? Na ce zan shafa mata a ɓoye a cikin mota, wa zai sani. Ta ce ita za ta sani. Na ci gaba da yanka albasa.

Aka yi wa Inna aikin ido, aka cire bandeji. Kwanakin da suka biyo baya ina tuna su kamar abin da na gani a mafarkin rana. Inna takan zauna bakin taga bayan la'asar tana kallon kogi, tana ba ni labarin launukan da ta ce sun yi shekaru da ƙaura daga duniya, yanzu sun dawo. Allon yana jingine kusa da ita, don babu inda za a ajiye shi a ɗan falon namu. Hasken ruwan yakan faɗo a kan shuɗin nan yana rawa. Wata rana na fito daga ɗaki na gan ta ta dafa shi da tafin hannu tana dannawa, yana lanƙwasa yana dawowa. Ta ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa ta kara kunne, yadda take yi wa ƙwarya a kasuwa. Da ta ji motsina ta janye hannu ta ce ƙura take kaɗewa.

Wata yamma kuma ta ga Takwarar tata ta kifa allon a kan kujeru biyu, ta ɗauko wani tsohon dutsen guga tana narka kaki irin na kyandir a ƙasansa, tana bi tana gogewa a hankali. Inna ta tambaye ni ko yanzu kuma ƙyauren guga ake masa. Yarinyar ta yi bayani, ni ina fassarawa. Ta ce ƙasan allon bushewa yake in an daɗe ana hawa, ta nuna wasu wurare a gefe da suka yi fari-fari, ta ce in ya bushe haka ba ya tafiya da kyau, sai an ba shi ya sha. Inna ta sunkuya ta shafa wurin farin da yatsa. Ta ce, ashe shi ma faso yake yi. Muka yi dariya mu biyu, ita ba ta yi ba.

Inna da kanta ta ce a kai ta ta ga ginin ƙanƙarar. Na sa mata rigar sanyin mijina a kan atamfa, safa biyu, da hular ulu a ƙarƙashin mayafi, har sai da ta ce ai ba gawa nake haɗawa ba. Muka shiga jirgin ƙasa, muka sake wani, muka fita daga gari. A ginin akwai wurin shan shayi mai bangon gilashi, daga nan ana ganin gangaren gaba ɗaya. Na samo mata kujera a gaba, na sa mata kofin shayi a hannu don ɗumi.

Na sha zuwa wurin, amma kullum waya nake dannawa. Ran nan, saboda Inna tana kallo, ni ma na kalla. Uwata ta bayyana can sama ƙarama, cikin jar riga. Ta ɗan tsaya, sannan ta saki jiki. Ta cikin gilashin ba a jin komai, sai abin ya zama kamar ba a duniya ake yin sa ba. Ta karkata a kan diddige, allon ya kafa bakinsa a ƙanƙara ya zana dogon baka, ta juyo a kan yatsu ya zana wani. Ban ga ta yi wani ƙoƙari ba. Gwiwarta kawai take ɗan motsawa, allon ya gane abin da take nufi. A tsakiyar hanya ta juya shi, bayan ya koma gaba, ta ci gaba da gangarowa ba ko tangarɗa. Da ta doshi tudun tsalle na ga ta danne shi, ya lanƙwashe ƙarƙashinta, sannan ya miƙe ya cilla ta sama. Ta naɗe ƙafafu, ta kama gefensa da hannu ɗaya, ta ɗan daɗe a can fiye da yadda hankali zai ɗauka. Ta sauko, farar ƙura ta tashi ta rufe ta, ta fito daga ciki a tsaye. Ni da na haife ta ban san tana da wannan natsuwar ba, sai na ji ƙwalla ta cika min ido.

Ta hau ta sauko sau da yawa. A wani zuwan ta faɗi, ta mirgina da allon a ƙafa, ni na miƙe tsaye, Inna ko motsi ba ta yi ba. Shayinta ya huce a hannunta. Sai da muka kusa tashi ta yi magana, ba ta ko juyo ba. Ta tambaye ni ko tun da yarinyar ta hau, ƙafarta ta taɓa ƙasa. Na ce a'a, ai a ɗaure suke a kan allon, shi ne yake taka ƙanƙarar. Ta gyaɗa kai. A jirgi muna dawowa ta yi ta kallon gonakin Turawa da tumakinsu, ba ta sake ɗaga maganar ba, gwangwanin kuma bai fito daga akwati ba.

Ana gobe tafiya, Uwata ta ɓata yini guda a kan allon. Ta narka masa kaki na musamman na ƙasa mai tsananin sanyi, ta bar shi ya huce, ta kankare, ta bi da buroshi har ƙasansa yana ɗaukar ido. Ta jingine shi a bango fuskarsa na kallon falo, ta ce shi za a sa a jaka a ƙarshe. Na tambaye ta me ya sa take wannan wahala tunda ba ta san ko za ta tafi ba. Ta ce in ma ba ta tafi ba, allon bai yi laifin komai ba.

Da safe gari ya waye da hazo, ko kogin ba a gani. Ta yi wanka ta shirya, ta zo ta zauna a kan kafet gaban Inna, ta cire safa ta miƙe ƙafafu. Inna tana shan kunu, tana kallon taga inda babu abin kallo. Baban yarinyar yana ta duba agogo a bakin ƙofa. Ni ina tsaye ina jin haushin uwar da ta haife ni da 'yar da na haifa, taurin kai iri ɗaya, suna iri ɗaya. Kunun ya ƙare, Inna ta ajiye kofi ta ɗauki carbi. Yarinyar ta jira har lokacin da ba sauran jira. Sannan ta mayar da safarta, ta ce wa babanta ya yi cancel ɗin motar hayar da ya kira, wato ya sallame ta. Ta je ta ɗauki allon za ta kai ɗaki, sai na ga ta tsaya cak, ta kai hannunta hanci.

Ta juyo da shi. Ƙasan allon, daga wannan baki zuwa wancan, a shafe yake da man kaɗe, kauri guda, ba a bar ko tafin hannu ba. Ana ganin sawun yatsu a jiki, layi-layi, an bi gefen nan da ya taɓa yin fari an ƙara masa. Sai a lokacin na gane ƙamshin da na tashi da shi tun asuba.

"Mum," in ji ta, "she's buttered my board." Wato Inna ta shafe mata allo da mai kamar burodi.

Ni na san ɓarna aka yi. Na ji bayanin kaki sau da yawa har na haddace, na san aikin jiya duka ya tafi, na san mai irin wannan daskarewa zai yi a sanyi ya riƙe allon. Na buɗe baki zan yi wa Inna bayani, ta riga ni.

"Takwara, abin da yake taka ƙasa shi ake shafa wa," in ji ta. "Na je na duba da sabon idona. Ƙafarki ba ta taka komai a can. Wannan ne zai kai ki, shi ne zai dawo min da ke."

Akwai tsumma a kan kujera, da kwalbar ruwan da take wanke allon da shi. Yarinyar ta kalle su, ta kalli sawun yatsun. Sai ta buɗe doguwar jakar, ta kwantar da allon a ciki a hankali don kada ya goge, ta ja zip. Ta durƙusa gaban Inna ta kifa kai a cinyarta, Inna ta ce ta tashi kada ta ɓata mata zani da majina. Babanta bai riga ya yi cancel ɗin ba, motar tana ƙasa tana jira.

Bayan ta isa ta huta, ta kira mu ta bidiyo, hancinta ja, bayanta wasu duwatsu farare da suka cika tagar. Ta ce ba ta goge ba. Da shi ta hau dutsen ranar farko. Ta ce da ta saki jiki daga sama, allon ya ƙi tafiya, sai jan ƙafa yake kamar an taka ƙaro. 'Yan ajinsu suka wuce suka bar ta, har ƙananan yara suna zagaye ta. Malaminsu ya dawo ya tambaye ta wane irin kaki ta sa, ta ce na gida ne. Ta gangaro ita kaɗai a hankali ta cikin dogayen itatuwa, ba sauti ko ɗaya, ƙanƙara na zubowa daga rassa, ita kuma ƙamshin ɗakin Inna kawai take ji a safar hannunta. Ta ce tana tafiya tana kuka tana dariya. Can wajen tsakiyar dutsen ta ji allon ya fara saki, kaɗan-kaɗan, yana ƙara sauƙi a kowace kwana. Kafin ta kai ƙasa ya koma yadda ta san shi, yana amsa mata tun kafin ta nema. Da ta kwance ta duba, ƙasansa baƙi tas, ƙanƙarar ta lashe man gaba ɗaya.

Na fassara wa Inna duka, ban rage komai ba, har da cewa man ne ya hana shi gudu. Na zaci za ta ji kunya. Ta matso da fuskarta kusa da wayar har ba a ganin komai sai goshinta.

"To madalla," in ji ta. "Dutsen ya ci na gidanmu, ba zai cuce ki ba."

Ta miƙo min wayar ta ce zafi take mata a hannu, ta tashi ta shiga banɗaki, ta daɗe tana wanke fuska.

Sanyin shekarar ya yi tsanani. Bayan 'yan makonni na lura Inna ta daina taka diddige, a kan yatsu take tafiya daga ɗaki zuwa falo. Na ce ta nuna min, ta ƙi, sai da na tsugunna na cire safar da kaina. Fason ya tsage, safar ta manne da busasshen jini. Na yi mata faɗa sosai, na ce ina amfanin gwangwanin da ta ɗauko tun daga gida in ba za ta shafa ba. Ta ci gaba da jan carbi. Na je na buɗe akwatin, na ciro shi daga ƙarƙashin zannuwa, na ji shi sakayau a hannuna. An suɗe shi har gindi, har cikin murfin, sai ƙamshi.

Nawa man kaɗen ya riga ya ƙare, sai na sa rigar sanyi na sauka kasuwa na sayo man kanti. Na zauna a kan kafet na ɗora ƙafafunta a cinyata, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Ina shafawa tana mita cewa ruwa ne da turare. Can ta ce in duba mata a waya ko ƙarfe nawa ne yanzu a wurin Takwara, ko ta riga ta sauko.